Malam Edita, kyan gini ba ya kiran jirgi

Assalamu alaikum Malam Edita.

Na karanta rahoton da kuka buga kan yadda ƙananan filayen jiragen sama suke ta kokawa a junansu wajen janyo jiragen dogon zango, kuma tsakani da Allah kun yi ƙoƙari, sai dai akwai inda kuka wuce da sauri, shi ne na ce bari in tofa albarkacin bakina.

Kun fi ba da ƙarfi kan gine-gine, wane fili ne ya ƙara tsawon titin sauka, wane ne ya gina sabon zaure mai gilasai. To ai kamfanin jirgi ba gilashi yake kallo ba. Lissafinsa kawai shi ne jirgin nan mai kujera ɗari biyu da wani abu zai cika yau, ya cika gobe, ya cika har a watannin da ba hutu ba biki? Sannan su wa za su zauna a kujerun gaba masu tsada, don yawanci can ribar take, sai kuma kayan da ake lodawa a cikin jirgin ta ƙasa.

Ku duba filin jirgin Mirabel a Kanada. A 1975 aka buɗe shi don ya zama ƙofar Montreal zuwa duniya, fili ne makeke, amma sai aka bar jiragen cikin gida a tsohon filin Dorval, wato mutum ya sauko daga Turai yana son ya wuce wani gari sai ya kwashi kayansa ya shiga mota ya yi doguwar tafiya kafin ya kama jirgi na biyu, wa zai yarda da wannan wahalar alhali Toronto na nan? A 2004 jirgin fasinja na ƙarshe ya tashi daga can. Na Ciudad Real a Sifaniya kuwa ko shekara huɗu bai cika ba, 2008 aka buɗe, 2012 an rufe.

Yanzu ku kwatanta da Lome, babban birnin Togo. Togo ƙaramar ƙasa ce, fasinjanta su kaɗai ba za su cika jirgin Amurka ba, amma tunda kamfanin jirgi na ASKY mai cibiya a Lome ya fara aiki a 2010 yana kwaso mutane daga garuruwan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya yana tara su a can, sai ga kamfanin Ethiopian Airlines a 2016 ya fara tashi daga Addis Ababa ya yada zango a Lome ya wuce New York. Ƙananan jirage ne suke ciyar da babba, wannan shi ne abin da ban gani a rahotonku ba.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne maganar tallafi. Fili biyu suna kusa da juna, mutanen da suke nema ɗaya ne, sai kowanne ya dinga zuga gwamnatinsa ta yi wa kamfani rangwamen kuɗin sauka, ta biya masa talla, wani lokacin har da alkawarin cike giɓi in kujeru ba su cika ba, ranar farko a fesa wa jirgi ruwa a yanka kyalle a ɗau hoto, kuma kuɗin na masu biyan haraji ne waɗanda da yawansu ba su taɓa hawa jirgi ba. Gwamnatin Wales ta sayi filin Cardiff a 2013 kan fam miliyan 52, a 2018 Qatar Airways ya fara zuwa daga Doha aka yi ta murna, korona na zuwa a 2020 aka dakatar, kuma filin Bristol na Ingila na nan kusa yana kwashe musu fasinja.

Ba wai na ce ƙananan filaye su haƙura ba ne fa. Zamani ma ya juyo musu, an daina ƙera katafaren jirgin nan A380 tun 2021, yanzu irin su Boeing 787 da A321XLR da Iberia ya fara amfani da shi a 2024 suna cin dogon zango da kujeru kaɗan, cika su bai kai wahalar na da ba. Ga manyan filayen kuma sun cushe, Heathrow na Landan titi biyu kacal gare shi, har ta kai a 2016 Oman Air ya biya dala miliyan 75 don gurbin sauka da tashi guda ɗaya a rana. Dama kam akwai.

Amma ni fasinja in jirgin garinmu sau biyu yake tashi a sati kuma tikitinsa ya fi tsada, wallahi ta Dubai ko Istanbul zan bi.

Don Allah in kun sake zama da shugaban wani fili ku tambaye shi nawa aka ba kamfanin kafin ya yarda ya zo, kuma yarjejeniyar ta shekara nawa ce.

Naku,
Mai bibiyar jaridarku kullum