Barka da Sallah daga Amurka, da Amsar Tambayar Yaya

Assalamu alaikum Yaya,

Barka da Sallah. Allah ya karɓi layyarmu, ya maimaita mana. A gaida Inna da kyau, a ce mata kewar soyayyen namanta na damuna.

Ka tambaye ni makomar jaririn da 'yarmu za ta haifa a nan, tunda ita da mijinta duk bizar karatu gare su. Ga yadda maganar take.

Gyara na 14 na kundin tsarin mulkin Amurka, na shekarar 1868, ya ce wanda aka haifa a ƙasar, kuma yake ƙarƙashin ikon dokarta, ɗan ƙasa ne. Duk rigimar a kan wannan sharaɗi na biyu take. A 1898, a shari'ar Wong Kim Ark, ɗan 'yan Sin da aka haifa a San Francisco, Kotun Ƙoli ta tabbatar masa da zama ɗan ƙasa, ta ware 'ya'yan jakadu da na sojojin mamaya da wasu kaɗan. Ranar 20 ga Janairu 2025 Shugaba Trump ya sa hannu a umarnin da ya ce jaririn da uwarsa ba ta da takardu, ko take zaman wucin gadi, ba za a ba shi takardun ɗan ƙasa ba, sai idan ubansa ɗan ƙasa ne ko yana da katin zama na dindindin. Lauyoyin gwamnati na cewa baƙo na ɗan lokaci bai cika zama ƙarƙashin ikon ƙasar ba. Ni hujjar ba ta shige ni ba, don ɗalibin da ya karya doka a nan, kotun nan ce ke ɗaure shi.

Alƙalan tarayya a jihohin Washington, Maryland da Massachusetts sun dakatar da umarnin. Ranar 15 ga Mayu 2025 Kotun Ƙoli ta saurari ƙara, amma kan wata tambaya dabam: ko alƙali ɗaya na da hurumin tsayar da umarnin shugaba a faɗin ƙasa. Ranar 27 ga Yuni 2025 ta taƙaita wannan hurumin, amma a hukuncin nan ba ta warware maganar halaccin umarnin kansa ba.

Saboda haka kada su yi sanya. Tun a asibiti su cika takardar rajistar haihuwa, su zaɓi a nema wa jaririn lambar Social Security (lambar shaida da gwamnatin Amurka ke ba mutum don aiki da haraji), su duba rubutun suna harafi-harafi, don gyara daga baya wahala ne. Su sayi kwafi biyu ko uku na shaidar haihuwa mai hatimi, sannan su biyu su je da jaririn neman fasfo da fom DS-11.

Hankalin Inna ya kwanta. Sashe na 25 na kundin tsarin mulkin Najeriya ya ce wanda aka haifa a waje, matuƙar ɗaya daga iyayensa ɗan Najeriya ne, shi ma ɗan ƙasa ne, kuma sashe na 28 bai hana shi riƙe fasfo biyu ba.

A miƙa wa yara goron Sallar da na turo. Allah ya sauke ta lafiya.

Ƙaninka.