A Bar wa Gauraka Wurin Sheƙa a Fadamun Kebbi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku mai farin jini in yi kuka a madadin tsuntsun da ba ya da bakin kai ƙara, wato gauraka.

Ni manomin shinkafa ne a fadamar Argungu. Muna yara, idan aka tura mu korar tsuntsaye da sassafe, mukan tarar da gauraki biyu-biyu a bakin tabki, raɓa a jikinsu, tukkun nan mai ruwan zinariya yana sheƙi. Namiji ya buɗe fukafukai ya yi tsalle, ya rusuna, macen ta amsa masa. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya hana mu harbinsu da gwafa. Cewa yake suna rage masa fara. Yau jikana bai taɓa ganin gauraka a daji ba. Wanda ya gani na cikin wani gida ne, an fige masa fiffike, yana zagaye tsakar gida shi kaɗai.

Da mu manoma a cikin wannan laifi. Gauraka a ƙasa yake sheƙa, cikin ciyawar dausayi, da damina, kuma sai ya yi kusan wata guda yana kwanci kafin ya ƙyanƙyashe. Tun da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015, noma ya bunƙasa, mun kuma gode Allah. Amma mun nome fadama har bakin ruwa. Abin da garma ta bari, maganin ciyawa ya ƙone. Abin da ya tsira, mun cinna masa wuta da kaka. Ni da hannuna na share wani kurmin ciyawa a gefen gonata don ƙarin buhu biyu, kuma har yau abin yana ci mini rai. Ga masu kamun 'ya'yansa su sayar, ga feshin kashe tsuntsun jan-baki, wanda guba ba ta tambayar sunan tsuntsu. Hukumar kare halittu ta duniya, IUCN, ta riga ta sanya gauraka cikin jerin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda kowace ƙasa ke nomanta kamar ita kaɗai ce a bakin kogin Neja. Kebbi ta yi iyaka da Nijar da Benin, ruwan da ya wuce Gaya ta Nijar da Malanbil ta Benin shi ne ke shigowa ƙasarmu. Tsuntsun da ya kwana a gandun dajin W, wanda Nijar da Benin da Burkina Faso suka yi tarayya a kai, ba ya tsayawa a garin Kamba na kan iyaka neman izinin shiga. In maƙwabta sun tsare shi mu mun kashe, wahalarsu ta tashi a banza. Najeriya da Nijar da Benin duk sun sa hannu a yarjejeniyar Ramsar ta 1971 kan kare dausayi, kuma duk suna cikin Hukumar Raya Kogin Neja mai hedikwata a Yamai. Zauren zama yana nan, sai dai a zauna.

Roƙona ga gwamnatin jiha: malaman gona su haɗu da takwarorinsu na tsallake su daidaita irin magungunan da ake fesawa da lokacin feshi. Duk wata ƙungiyar waje da za ta kawo tallafin iri ko taki, a sa sharaɗin barin 'yar tazarar ciyawa a bakin tabki, a kuma rage wa manomin da ya bari asararsa, don ba a yi wa mai yunwa wa'azi hannu rabbana. Iyayenmu sarakuna kuwa, da ikonsu ake rufe kogin Matan Fada a hana kamun kifi har ranar bikin kamun kifi na Argungu. Su yi irin wannan shela kan ƙwan gauraka da 'ya'yansa.

Ni dai bana na bar taku goma a gefen ruwa ban taɓa ba, na kuma yi magana da maƙwabtana biyu. Ɗaya ya amince.

Naku,
Wani manomin shinkafa,
Argungu, Jihar Kebbi.