Rahoton Ayyukan Shekara Ga Membobin Ƙungiyarmu Ta Masu Noman Tumatir

Assalamu alaikum, 'yan uwa.

An yi tarukan wata-wata, sai dai fuskokin da aka saba gani su ne dai ke zuwa.

Abin da ya fi faranta mana rai bana shi ne ranar gonar gwaji a Kadawa. Kun san gardamarmu a kan yuriya: ko a yi ta ɗura wa tumatir ita, ko a rage ta a haɗa da wani taki. Fili muka raba biyu. Ɗaya aka yi ta ɗura masa yuriya yadda yawancinmu ke yi. Ɗayan aka zuba masa ruɓaɓɓen takin gida da kamfa 15-15-15 lokacin dashe, aka ƙara yuriya kaɗan da ya kama ƙasa, da ya fara fure aka dakata. Wanda ya zo ya gani da idonsa. Na yuriya ya yi ganye shar har ya rufe kunya, amma furen na zubewa, 'ya'yan kuma taushi gare su. Ɗayan kuwa ka matsa da yatsa ka ji tauri, irin wanda dillalan Kwanar Gafan ke so don ya jure hanyar Legas.

Malamin gona ya ɗaga buhu ya nuna lambobi ukun: na farko na ganye, na biyu na saiwa da fure, na uku na ƙwarin 'ya'ya. Yuriya na farkon kaɗai gare ta, kashi 46 cikin ɗari. Ragowar 20-10-10 ta masara ma na farkon ne ya fi yawa a cikinta, shi ya sa ba ta dace da tumatir mai 'ya'ya ba. Baƙin tabon nan da ke fitowa a gindin 'ya'yan tumatir kuma, ya ce ƙarancin sinadarin kalsiyam ne, wanda ban ruwa yau da yawa gobe babu ke jawowa. Feshin maganin ƙwari ba ya warkar da shi. Dattawanmu sun yi ta tambaya har la'asar.

Sayen taki a dunƙule bai yiwu ba, kuma ba laifin shugabanni ba ne. Dila ba ya ba da bashi, asusu kuma babu kuɗi. Samfurin ƙasar da muka ɗebo don gwaji yana nan a leda saboda wannan dalilin. Ma'aji ya bi gida-gida don karɓar kuɗin wata, wasu har ɓuya suke yi, amma ranar rabon iri kowa ya hallara. Wannan ba adalci ba ne ga masu biya.

Duk mai bashin kuɗin wata ya biya kafin a zuba irin rani. Wanda bai biya ba, babu sunansa a odar taki.

Sakatare