A Bar Iyayenmu Mata Su Taka Ƙasa, Su Hau Dutse

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da ya shafi mata irina waɗanda suka ba shekara sittin baya, wato doguwar tafiya a ƙasa da hawan duwatsu domin lafiyar jiki. Na san wasu masu karatu za su yi murmushi, su ce tsohuwar da ya kamata ta rungumi carbi ita ce take zancen hawan dutse. Carbina yana hannuna, alhamdu lillahi, kuma ban ga inda ya hana ƙafa motsi ba.

Abin da na lura da shi a gidajenmu na cikin garin Kaduna shi ne, da zarar mace ta aurar da 'ya'yanta ko ta ajiye aiki, sai kowa ya shiga ce mata, "Hajiya, zauna ki huta, ai kin yi naki." Jika ya kawo buta, suruka ta kawo abinci har gabanta, idan kuwa za ta je barka ko gaisuwar rasuwa a layin baya, sai an tsayar mata da Keke Napep a ƙofar gida. Biyayya ce da ƙauna, ba na musun haka, Allah ya saka wa 'ya'yanmu da alheri. Sai dai kuma duk wanda ya leƙa sahun mata a masallacin Idi ko a makarantun Islamiyya na manya zai ga yadda kujerun roba suke ƙaruwa, domin mata da yawa waɗanda ba su kai saba'in ba sun daina iya yin sujada a ƙasa. Jikin mutum kamar keken ɗinki yake, idan aka lulluɓe shi aka ajiye a lungu don gudun ya lalace, ranar da aka buɗe sai a tarar ya cije. Ba da matan karkara nake ba, irin matan Gwari da ke ɗauko itace a kafaɗa ko matan Fulani da ke shigowa gari da ƙwaryar nono. Su hutu suke buƙata. Da mu nake, matan Tudun Wada da Kawo da Malali da Barnawa, waɗanda zama ya ci ƙafafunmu.

A ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2020, ta ba waɗanda suka kai shekara 65 zuwa sama shawarar su riƙa motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a kowane mako, su haɗa da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu, da kuma na daidaita tsayuwa kwana uku ko fiye, domin kare kai daga faɗuwa. Wannan na ƙarshen ya fi shafar mu mata. Bayan ɗaukewar al'ada, sinadarin isturojin da ke kare ƙashin mace yana raguwa, ƙashi ya riƙa rauni a ɓoye ba tare da ciwo ba, har sai ranar da santsin banɗaki ya kwashe ta, ƙugu ya karye, daga nan kuma sai kwanciyar da wasu ba sa tashi daga ita. Ƙashi yana riƙe ƙarfinsa ne idan yana ɗaukar nauyin jiki, tsokar cinya kuma ita ce mai tallafar gwiwa, sannan tsoka mai aiki tana janye suga daga jini. Tafiya a hanya mai hawa da gangara, inda ƙasa ba ta miƙe sumul ba, tana haɗa waɗannan duka a lokaci guda, tana kuma koya wa idon sawu da ƙugu yadda za su tare jiki idan ƙafa ta gurɗe.

Babbar hujjar da ake kawo mini ita ce wai wannan ɗabi'ar Turawa ce, ba ta dace da dattijuwar Bahaushiya ba. A nan ne nake son masu karatu su tsaya su duba tarihinmu. Nana Asma'u 'yar Shehu Usman Ɗan Fodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru domin ilmantar da matan karkara, kuma waɗanda ta ɗora wa jagoranci, da ake kira jaji, dattijai ne mata. Takan naɗa musu malfa da jan rawani, su kuma su jagoranci ayarin mata daga ƙauyuka a ƙasa, su zo su ɗauki karatu, su koma su koyar da waɗanda ba su sami fitowa ba. Tsufansu shi ne ya ba su damar tafiyar, domin sun wuce shekarun goyo da hidimar ƙananan yara, kuma mutuncinsu shi ne garkuwar ayarin a hanya. Kakanninmu ma da suka sauke farali kafin zuwan jirgin sama, da yawansu a ƙasa suka bi ta Borno da Chadi da Sudan, shekara da shekaru, kuma akwai mata a cikinsu.

Hajjin yau ma da ake zuwa a jirgi aikin ƙafa ne. Tsakanin Safa da Marwa akwai kimanin mita 450, zuwa bakwai kuwa ya haura kilomita uku, ban da ɗawafi, ban da zirga-zirga daga tantunan Mina zuwa wurin jifa cikin zafi da cunkoso. Ita kanta wannan ibada ta sa'ayi asalinta uwa ce, Nana Hajara, da ta riƙa hawa wannan dutse tana sauka tana hawa wancan domin nema wa ɗanta ruwa. Mata nawa ne suke tara kuɗin kujera shekaru, ko 'ya'yansu su biya musu, amma su isa Makka su kasa yin ɗawafi sai an tura su a keken guragu, a kan kuɗi mai yawa? Wadda rashin lafiya ta tilasta wa haka ba ta da laifi, addini ya yi mata sauƙi. Amma wadda rashin sabo ne kawai ya kai ta ga haka, da ta fara taka ƙasa tun watanni kafin tashi, da ta yi ibadarta da ƙafafunta.

A wasu ƙasashen ma an ga abin da tsohuwa za ta iya. A shekarar 1955 wata Ba'amurkiya mai suna Emma Gatewood, uwar 'ya'ya goma sha ɗaya, tana da shekara 67, ta bi hanyar duwatsun Appalachian mai tsawon fiye da kilomita 3,000 ita kaɗai a ƙasa, daga jihar Jojiya zuwa jihar Maine, da takalmin zane da ɗan buhu a kafaɗa. A 2019 kuma Anne Lorimor ta kai ƙololuwar dutsen Kilimanjaro na Tanzaniya, mai tsayin mita 5,895, tana da shekara 89. Ba ina nufin mu nufi Kilimanjaro ba, ko Chappal Waddi na jihar Taraba mai mita 2,419, wanda ya fi kowane dutse tsayi a Nijeriya. Tudun da ke bayan unguwa ma ya wadatar a matakin farko.

Ni da wasu maƙwabtana mun fara ne da zagayen unguwa bayan sallar asuba, idan gari ya ɗan waye. Da jiki ya saba, sai muka riƙa zuwa Filin Murtala, inda jama'a ke motsa jiki da safe, wani lokaci kuma mu nufi lambun Gamji a bakin Kogin Kaduna, inda tsohuwar gadar ƙafa ta Gwamna Lugga take, wadda aka fara kafa ta a Zungeru a 1904 kafin daga baya a dawo da ita Kaduna. Bayan mun daɗe a haka ne ɗana ya kai mu Zariya muka hau wani sashe na dutsen Kufena da ke kusa da Wusasa. Ba mu kai can sama ba, kuma ba mu yi niyyar kaiwa ba. Mun tsaya inda numfashi ya ce a tsaya, muka zauna muna kallon gonaki da rufin gidaje shimfiɗe a ƙasa. Masana tarihi suna lissafa Kufena da Turunku cikin tsofaffin mazaunan mutanen Zazzau kafin birnin Zariya na yanzu ya zama gari, kuma na shekara da shekaru ina koya wa yara wannan a aji ba tare da na taɓa taka wurin ba. Ban da lafiyar jiki, akwai wani abu da ba a cika faɗa ba, wato kaɗaici. Macen da mijinta ya rasu, 'ya'ya suka watse Abuja da Legas, takan wuni ba ta yi hira da sa'arta ba. A hanya kuwa ana taɗi, ana dariya, ana tambayar wadda ba ta fito ba.

Ga 'yar'uwata da ke son farawa, ta soma da ganin likita, musamman idan tana da hawan jini, ciwon suga, ciwon zuciya ko ciwon gwiwa mai tsanani, a auna ta a gaya mata iyakarta. Ta fara da minti goma ko sha biyar a fili, ta riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, domin sannu ba ta hana zuwa. Ma'auni mai sauƙi shi ne ta iya magana tana tafiya. Idan maganar ta gagara, ko ta ji ƙirji ya riƙe, ko jiri, to ta tsaya nan take, kada kunya ta sa ta ci gaba. Silifas da takalmin biki ba na wannan aiki ba ne, sai kambas mai riƙe ƙasa da safa mai laushi, mai ciwon suga kuma ta duba tafin ƙafarta bayan kowace tafiya, domin ƙaramin rauni yana iya zame mata babba. Sutura ba matsala ba ce ko kaɗan: dogon wando a ƙarƙashin riga mai yalwa da hijabin da bai ja ƙasa ba sun isa, domin dogon hijabi yana harɗe ƙafa a kan dutse. Ta riƙe gorar ruwa da 'yan dabino da sanda. Wasu mata suna ƙin sanda wai kada a ce sun tsufa, alhali matasa masu hawan duwatsu ma da ita suke tafiya, kuma amfaninta ya fi fitowa wajen saukowa, wanda ya fi hawa wahalar da gwiwa.

Lokaci ma abin lura ne. Watannin sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sun fi daɗin tafiya, sai dai mai asma ko tari ta rufe hanci saboda ƙurar hunturu. A Maris da Afrilu kuwa, duk tafiyar da ta wuce hantsi neman ciwo ce. Da damina dutse yana santsi, ciyawa ta yi tsawo, macizai irin su kasa da gamsheƙa suna fakewa a cikinta, kuma kan dutse ba wurin tsayawa ba ne idan hadari ya haɗu ana walƙiya.

Sai kuma maganar da ba za a kauce mata ba, wato tsaro. Allah ya hore wa jihar Kaduna wurare masu kyau: duwatsun Kagoro, magangarar ruwa ta Matsirga kusa da Kafanchan, duwatsun Kajuru inda wani Bajamushe ya gina gidan nan mai kama da fadar Turawan da, da gandun dajin Kamuku a Birnin Gwari. Amma kowa ya san abin da 'yan bindiga da masu garkuwa da mutane suka yi wa wasu daga cikin waɗannan yankuna a shekarun nan, kuma ba zan shawarci kowace mace ta jefa kanta cikin haɗari da sunan neman lafiya ba. Kada a je wuri sai an tambayi mutanen garin halin da ake ciki a wannan makon, a gaida mai unguwa ko dagaci, a nemi ɗan gari ya yi jagora, a tafi cikin ayari tare da muharramai, a kuma dawo da rana tsaka. Inda aka ce kada a je, to a haƙura.

Saboda haka ina kira ga hukumomi su duba abin da ke cikin gari tukuna. Ayyukan sabunta birnin Kaduna da aka ƙaddamar a 2019 sun samar da tituna masu gefen tafiyar ƙafa, amma a wurare da dama masu kasa kaya da masu ajiye motoci sun mamaye gefen, sai tsohuwa ta koma tsakiyar titi tana gogayya da babura. A kare waɗannan hanyoyi, a sa bencina a ƙarƙashin itatuwa, a samar da banɗaki mai tsabta na mata a filayen motsa jiki, domin rashinsa kaɗai yana hana dattijai da yawa fita. Idan aka ware wa mata wasu sa'o'i na safe a irin waɗannan filaye, magidanta da yawa za su saki jiki su bar iyalansu su je. Hukumar alhazai kuma za ta iya haɗa atisayen tafiya cikin bitar da ake yi wa maniyyata, a kuma fara shi da wuri, ba sai ana saura mako biyu a tashi ba. Makarantun Islamiyya na matan aure, da ƙungiyoyi irin su FOMWAN ta mata Musulmi, da zumuntar mata a coci-coci, duk suna da jama'a da shugabanni a shirye, ba sa buƙatar kuɗi kafin su tsayar da safiya ɗaya a mako ta fita tare.

Ga 'ya'yanmu kuma, idan za ku yi wa Hajiya tsarabar Sallah, ku haɗa atamfar da takalmin tafiya, ranar Asabar kuma ɗayanku ya ajiye waya ya raka ta. Kai kuma Malam Edita, ina roƙon jaridarku ta gayyaci likitan ƙashi ko masanin gashin ƙashi daga ɗaya daga cikin asibitocin koyarwa na jihar nan, ya yi mana bayani da Hausa a shafin lafiya a kan irin motsin da ya dace da mai ciwon gwiwa da wanda ya kamata ta guje wa, domin ita ce tambayar da mata suka fi yi mini.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wassalam,
Malamar makaranta mai ritaya,
Unguwar Rimi, Kaduna.