A riƙa duba tankin ruwa da famfunan jiragen shaƙatawa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai albarka domin in yi magana a kan wani al'amari da wasu za su yi mamakin jin sa daga bakin Bazazzagi. Sana'ata aikin famfo ce, kuma neman halali ya kai ni Legas, inda na daɗe ina kula da tankuna da famfunan wani jirgin ruwa na shaƙatawa kafin na dawo gida. Ganin yadda mutanenmu ke kai iyalansu yawo cikin jirgi a wurare irin su tafkin Jabi na Abuja, musamman lokacin bukukuwan Sallah, shi ya sa na ga bai kamata in yi shiru ba.

Abin da na lura da shi shi ne, mai jirgi yakan kashe dukiya a kan inji da fenti da kujeru, amma sai a shekara ba a buɗe murfin tankin ruwan sha an leƙa cikinsa ba. Ruwan da ya kwana biyu a rufe cikin zafi irin na ƙasarmu yakan yi yauƙi a jikin tanki, kuma ƙwayoyin cuta suna hayayyafa a cikinsa ko da ido yana ganinsa garau. Wankin tankin ba wani abu ne mai wuya ba. Ana zuba ruwan bilic na wanki wanda ba shi da turare, kimanin mililita 1 ga kowace lita 1 ta ruwa, wato mililita 200 ga tanki mai cin lita 200, a buɗe kowane kan famfo har warin ya fito, a rufe a bar shi kamar awa 4, sannan a zubar a ɗauraye har warin ya gushe. Tiyon da ake cika tankin da shi ma ya zama na ruwan sha ne kaɗai, ba wanda ake wanke bene da shi ba, kuma kada a sa tiyo mai garai-garai a inda rana ke bugawa, domin haske ne ke sa gansakuka ta tsiro a ciki.

Akwai kuma murfi. A jirage da yawa bakin tankin mai da na ruwa da na ban-ɗaki kamanninsu ɗaya, kuma na taɓa ganin yaron jirgi ya ɗura mai a tankin ruwan sha saboda rubutun murfin ya goge. Sai da muka canza tiyo gaba ɗaya kafin warin ya bar mu. Idan kuma famfon lantarki yana tashi da kansa alhali ba wanda ya buɗe ruwa, to, akwai inda yake yoyo, sai a bi layin a nemo wurin.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne famfon da ke kwashe ruwan da ke taruwa a can ƙasan jirgi, ƙarƙashin katakon da fasinjoji ke takawa. Kowane jirgi yana shan ruwa kaɗan-kaɗan, daga ruwan sama, daga igiyar ruwa, ko daga wata mahaɗa da ta saki. Wannan famfo yana da wani ɗan makunni mai iyo, wanda idan ruwa ya ɗaga shi sai famfon ya tashi. Ledar ruwan sha guda ɗaya, ko gashi, ko ɓawon gyaɗa, ya isa ya danne makunnin ko ya toshe rariyar famfon, kuma ba wanda zai sani sai ruwa ya kai idon sawu. Kowace lita ta ruwa nauyinta kilo 1 ne, saboda haka lita 300 da ta taru a ƙasa daidai take da ƙarin manyan mutane huɗu ko biyar, kuma ruwan nan yana gangarawa gefe guda duk lokacin da jirgi ya karkata. A ganina bai halatta direba ya ɗauki ɗan wani ba sai ya ɗaga makunnin nan da hannunsa ya ji famfon ya amsa, ya duba batir, ya tabbatar akwai famfon hannu da bokiti. Haka nan ya dubi ruwan da injin ke fitarwa, domin kainuwa da ciyawa kan toshe mashigar ruwan da ke sanyaya shi.

Sai maganar ban-ɗaki, wadda a nan ne abin ya shafe mu kai tsaye. Jirgin da ke da masai dole ya kasance da tankin tara ƙazanta wanda za a kwashe a tudu, ba a sake ta cikin ruwa ba. Ta fitsari ne ƙwan cutar tsargiya ke shiga ruwa, ya bi ta jikin dodon koɗi ya koma jikin yaran da ke wanka, kwalara da taifot kuwa ta bayan gida suke yaɗuwa. Mu a Zariya mun san abin da kogin Galma da madatsar Kubanni suke gare mu, kuma idan wata rana aka buɗe wurin yawon jirgi a kan ruwan da jama'a ke sha, gara a shimfiɗa wannan sharaɗi tun kafin jirgi na farko ya sauka.

Ina kira ga hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida da ke Lakwaja da gwamnatocin jihohi, cewa duk lokacin da jami'ansu suka je duba rigunan ceto da takardun jirgi, su sa a ɗaga katakon ƙasa a gwada famfon a gabansu, su kuma tambayi mai jirgin inda yake zubar da abin da ke cikin tankin ban-ɗaki.

Wassalam.

Naka,
Wani tsohon mai aikin famfo,
Tudun Wada, Zariya.