Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin garin sabulun da ya kusa kashe min injin wanki

Assalamu alaikum, ranku ya daɗe shugabannin kamfani.

Wallahi ban so abin ya kai ga rubutu a bainar jama'a ba, amma sau uku ina kiran lambar da kuka sa a bayan leda, na farko aka ce in jira za a kira ni, na biyu wata baiwar Allah ta ce min wai ba laifin sabulu bane laifin inji ne, na uku kuma kiɗa kawai aka yi ta sa min a kunne har katina ya ƙare. Shi yasa nace bari in zo nan in faɗa kowa ya ji. Ba zan kama sunanku ba, kun san kanku, ku ne masu ledar nan da aka rubuta da manyan baƙi wai ya dace da wankin hannu da kowane irin inji.

To wannan maganar ta kowane irin inji ita ce rigimata da ku, don ba gaskiya bace.

Injina mai ƙofar gaba ne, kilo 7, shekararsa biyu da 'yan watanni bai taɓa ba ni matsala ba. Da na koma sabulunku saboda ƙamshinsa (gaskiya ƙamshin ya yi, wannan ba zan hana ku ba) sai na bi abin da kuka rubuta, cokalin awon da kuka saka a ciki a cika shi ɗaya, in kaya sun yi datti sosai a yi ɗaya da rabi. Haka na yi ta yi. Satin farko na ga kumfa ta cika gilashin ƙofa fal har ba a ganin kaya, ni kuma da rashin sani murna ma nake, a raina ina cewa lallai wannan sabulun yana aiki. Daga nan wankin awa ɗaya da rabi ya koma awa biyu da wani abu, injin ya yi ta ɗauraya yana sake ɗauraya, wani lokacin ya tsaya cak ya ƙi matse kaya. Tawul suka fara yin ƙarfi kamar fata, baƙaƙen kaya suna fitowa da farin layi-layi, ƙaramin yarona kuma sai soshe-soshe a wuya da hammata. Sai wari. Wani irin warin ruma mai haɗe da turare, wanda ko ka shanya kaya a rana suka bushe, da zufa ta taɓa su sai ya dawo. Ranar da abin ya ƙare min kuwa na dawo na tarar da kumfa ta biyo ta durowar sabulu ta malale ɗaki, injin cike da ruwa ƙofa ta ƙi buɗewa, kayan makarantar yara a ciki.

Mai gyaran da ya zo, Allah ya saka masa da alheri, bai ma buɗe jakarsa ba ya ce Hajiya kawo min sabulun da kike sawa. Yana ganin ledar ya yi dariya. Shi ya zaunar da ni ya min bayanin da ya kamata a ce ku kuka min a bayan leda. Injin ƙofar gaba ba ya cika ruwa kamar mai buɗewa ta sama, ruwa kaɗan yake sha, wajen lita 50 a wanki gaba ɗaya, alhali tsohon mai ƙofar sama yana iya wuce lita 100. Kuma yadda yake wanki shine ya ɗaga kaya sama ya sako su su faɗo, wannan faɗowar ita ce cuɗawar. In kumfa ta cika ciki sai ta zama kamar katifa, kaya ba sa buguwa, suna lilo ne kawai a cikin kumfa, kaga kenan wankin ma bai fita ba. Sannan famfon da ke fitar da ruwa an yi shi ne don ruwa, kumfa iska ce, sai ya yi ta juyi a banza yana zafi. Na'urar da ke auna yawan ruwa ita ma kumfar tana ruɗa ta, shi yasa injin yake ta ƙara ɗauraya yana ƙin matsewa. Irin wannan injin sabulu mai ƙarancin kumfa yake so, wanda ake sa wa alamar HE ko a rubuta otomatik, naku kuma na wankin hannu ne tsantsa da kuka cika masa sinadarin kumfa saboda kun san mu mutane in ba mu ga kumfa ba sai mu ce sabulu ba shi da kyau. Kumfa ba ita ke wanki ba ashe. Shekara nawa ina wanki sai yanzu na sani.

Sai maganar cokalin nan naku. Don Allah waye ya auna shi? Mai gyara ya ce ko da sabulun da ya dace ne, abin da wannan cokalin ke ɗauka ya yi wa injina yawa nesa ba kusa ba, kuma awon sabulu ba abu ɗaya bane ga kowa, ya danganta da yawan kaya da yawan datti da kuma irin ruwan gidanka. Ruwa mai nauyi, wanda kalsiyam da maganiziyam suka yi masa yawa, irin wanda ke barin farin ɓawo a butar dafa ruwa, shi yana cin sabulu sai an ɗan ƙara. Ruwa mara nauyi kuwa kaɗan ya ishe shi. Ko kalma ɗaya ba ku rubuta a kan wannan ba. Ni dai zargina, kuma zargi ne nace, babban cokali yana nufin leda ta ƙare da wuri a dawo a sake saye. In ba haka bane ku fito ku faɗa mana dalili.

Da ya janye robar bakin ƙofa kuwa sai da na kau da kai. Baƙar fumfuna da wani yauƙi mai toka-toka duk sun taru a lungun robar, durowar sabulu da ya zaro ta ƙasanta ya yi baƙi ƙirin. Ya ce ragowar sabulun da bai narke ba ne yake haɗuwa da maiƙon jiki da zaren kaya ya manne a bayan ganga inda ido ba ya gani, ƙwayoyin cuta su samu gidan zama, warin daga nan yake.

A nan zan yi adalci, don ba duka laifin ne naku ba. Ni ma ban taɓa sanin akwai wata 'yar ƙofa a ƙasan injin ta gaba ba, wadda filta ke ciki, shekara biyu ban buɗe ta ba ko sau ɗaya. Da ya shimfiɗa tsumma ya kawo faranti ya tsiyaye ruwan ta ƙaramin tiyo sannan ya murɗo filtar, abin da ya fito sai da na ji kunya, tsabar kuɗi biyu, maɓalli, fil ɗin ɗankwali, da wani dunƙulen zare da sabulu ya daskare a jiki. Kuma ina rufe ƙofar injin da zarar na kwashe kaya saboda yara, ashe barinta ake a ɗan buɗe, ita da durowar, ciki ya sha iska ya bushe. Kullum kuma da ruwan sanyi nake wanki, ban taɓa kunna shi ba kaya a digiri 60 ko 90 don ya wanke kansa ba, abin da ya ce a riƙa yi kamar sau ɗaya a wata. Cusa kaya ma ina yi, sai na danna da gwiwa, alhali ya kamata a bar wajen da tafin hannu zai shiga a sama. Duk na amsa laifina. Amma shekara biyu ina wannan sakacin da wani sabulun injin bai tsaya ba, wata huɗu da naku famfo ya ƙone, to ku faɗa min.

Abin da ya fi ba ni haushi ma shine shawarar da ma'aikaciyarku ta ba ni a waya. Da nace mata kaya suna wari cewa ta yi in ƙara sabulu, in kuma sayi ruwan laushin kayanku in riƙa zubawa. Haba jama'a! Ciwon da sabulu ya jawo shi za a ƙara wa sabulu? Shi ruwan laushin nan wani ɗan maiƙo yake shafa wa zare, shi yasa kaya ke santsi, kuma shi yasa tawul ke daina shan ruwa in an cika sa masa, sannan yana ƙara wancan yauƙin na cikin inji. Da na bi maganarta da yanzu wani labarin ake. Ku koya wa masu ɗaukar wayarku aikin mana, ba haddar tallan kaya kawai ba.

Bayan abin ya faru na zauna na yi ta bincike da tambaya, kuma abin da na gano duk abubuwa ne da layi biyar a bayan leda zai ɗauke su. Kun rubuta da alfahari cewa sabulunku yana da enzayim, wato sinadaran da ke narkar da tabo, madalla, amma ba ku ce waɗannan enzayim ɗin sun fi aiki a ruwa mai ɗumi digiri 30 zuwa 40 ba, in zafi ya wuce 60 lalacewa suke. Ba ku ce wanda ke cin tabon jini da zufa furotin yake narkarwa ba, kuma ulu da siliki su ma furotin ne, wato a hankali yana cinye su, rigar sanyin maigidana ta ulu haka ta yi laƙwas ta fara hujewa ina ta zargin asu. Ba ku ce tabon jini da ruwan sanyi ake fara wanke shi ba don ruwan zafi dafa shi yake ya zauna daram. Mafi haɗari kuma, babu gargaɗi ko ɗaya a kan haɗe-haɗe, alhali kun san mata da yawa in inji ya fara wari bilic suke zubawa, wata kuma ta ji an ce binega na maganin wari ta haɗa su biyun, wannan haɗin iskar kulorin yake fitarwa mai ƙona ido da huhu, haka ma haɗa bilic da duk abin da ke da sinadarin amoniya wata iska mai guba yake fitarwa. Ni kaina saura kaɗan in yi, mai gyaran ne ya ce kul. Za ku ce ai ba ku kuke yin bilic ba, eh na ji, amma warin da ke kai mutum ga bilic ɗin fa daga ina ya taso? Wajen da kuka ɓata kuna zana furanni da farar riga mai walƙiya ai ya isa a rubuta wannan, har ma a ƙara da bayanin alamomin jikin kaya, ɗan bahon nan mai lamba a ciki da ke nuna iyakar zafin ruwa, da alama mai kusurwa uku wadda in an soke ta ake nufin kar bilic ya taɓa.

Abin da nake nema a wajenku ba shi da yawa. Ku cire wannan rubutun na kowane irin inji, ko kuma ku fito da na inji daban mai ƙarancin kumfa ku rubuta a gaba ɓaro-ɓaro yadda ko wadda ba ta yi karatu mai zurfi ba za ta gane, ku sa hoton injin ƙofar gaba da na ƙofar sama. Cokalin ku yi masa layuka, na kaya kaɗan da na kaya da yawa, na ruwa mai nauyi da mara nauyi, a giram ba wai a cika a tsiyaye ba. Kuma kuɗin famfon da na canza da na aikin mai gyara ina so ku biya ni, garantin injin ya riga ya ƙare kuma ko bai ƙare ba mai gyara ya ce da wuya su karɓi ɓarnar da sabulun da bai dace ba ya yi. Rasit yana hannuna, hoton kumfar a ƙasan ɗaki da na robar ƙofa da lambar da ke jikin ledar duk na tura ta imel ɗinku tun sati uku da suka wuce, ko mun gani ba a ce min ba.

Injin dai ya tashi Alhamdulillah, sai da aka yi masa wankin digiri 90 sau uku ba kaya kafin kumfar da ta maƙale a ciki ta daina fitowa, ku duba fa, ba a sa sabulu ko ƙwaya ba amma yana kumfa. Sauran rabin ledar taku tana nan bayan ƙofa, da ita nake goge tayil da wanke takalman yara, a nan kam ba ta da laifi. Cokalin kuma na ajiye shi, duk ranar da wakilinku ya zo zan ba shi ya auna da kansa a gabana.

Ina jiran amsarku, a nan inda kowa zai gani, ba a waya ba.

Wata kwastomarku, uwar yara huɗu.