Wasiƙa Kan Ciwon Kwastarmu

Kano, ranar Lahadi

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da mutanen Kumasi. Nan ma lafiya lau, sai dai motarmu ta haya, Kwastar, ta kwanta, kuma tunda kana da rabi a cikinta dole ka ji.

Abin ya fara ne da wahalar tashi da asuba, sai an yi ta ba ta wuta tana fitar da farin hayaƙi. Daga baya direba ya ce a hawan Jos allurar zafi tana hawa, kuma kullum sai ya ƙara ruwa a lagireto. Bakaniken farko ko buɗe ta bai yi ba, ya saurari ƙarar kawai ya ce inji ya gama, a sayo ɗan Kwatano. Ka san halinsu, akwai kamashonsa a wajen mai kaya.

Sai na kai ta wurin wani dattijo da ya tsufa a kan motocin gas. Injin Kwastar nan 1HZ ne, mai silinda 6, ya ce irinsa ba ya mutuwa da sauƙi. Ya buɗe murfin baƙin mai tana aiki, ya ɗora tafin hannu: iskar da ke fitowa kaɗan ce, wato ringi da fistin suna da sauran ƙarfi. Ya zaro sandar awo, man bai koma kalar madara ba, wato ruwa bai shiga cikinsa ba. Sannan ya riƙa sassauta bututun nozul, mai fesa gas cikin silinda, ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya sassauta sai inji ya girgiza, amma da ya zo kan na huɗu ƙarar ba ta canja ba, alamar dama can ba ya aiki. Washegari da sanyin safiya ya cire murfin lagireto ya tayar da ita, na ga kumfa tana tasowa da idona. Gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, ya ƙone, iskar silinda tana shiga hanyar ruwa. Wahalar tashin kuwa hita biyu ne, masu ɗumama silinda kafin a tayar, suka mutu.

Yanzu maganar kuɗi. Na zaga kasuwar Ƙofar Ruwa. Tun da aka saki darajar naira a Yunin 2023 kayan gyara suka yi tashin gwauron zabo, farashin da ka sani ka manta da shi. Gasket, hita, gyaran nozul, wanke lagireto, sabon taimin bel da kuɗin aiki, duka ba su kai kashi ɗaya cikin uku na kuɗin injin Kwatano ba. Gasket ɗin akwai mai araha, amma na ce sai na asali, don arha ba ta ado. Matsala ɗaya ce: idan aka sauke kan injin aka tarar zafi ya tsaga shi, sai an sayi wani, lissafin kuma zai kusa ninkawa. Ko a hakan ni gyara na zaɓa, domin injin Kwatano ba ka san abin da ke cikinsa ba sai ka ɗora.

Ranar Laraba za a sauke kan a kai gwaji. Ka kira ni kafin nan in ji ra'ayinka, kuma ka faɗa mini ko a cire kasonka daga cinikin watan jiya ko za ka aiko.

Ka gaida Hajiya da yara.

Naka,
Amininka